Ƙurar Da Ta Zo Daga Sama Da Ƙurar Da Muka Tayar

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, na daɗe ina jinkirta wannan rubutu, domin akwai laifina a cikinsa, kuma ɗan Adam ba ya son ya kai ƙarar kansa. Amma da hunturu ya sake kewayowa, na ga leɓɓa sun fara tsagewa, masu tari kuma sun yawaita a sahun Asuba, sai na ga ba ni da sauran uzuri.

A watan Janairun 2024 na je gida gaida Kawuna, ƙanin mahaifiyata, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Bagudo a Jihar Kebbi, can wajen hanyar Tsamiya, inda ƙasarmu ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Duk wanda ya taɓa bin wannan yanki a irin wannan lokaci ya san halin da ake ciki. Hazo ya rufe sama har rana ta koma kamar farin faifai da aka rataye, a ƙasa kuma kowace babbar mota ta gifta sai ta bar maka jan hadari ka shaƙa. Ko da na sauka daga kan babur, gemuna ya yi furfurar da ban tara shekarunta ba.

Na iske Kawu a zaure, ya jingina da bango. Wannan mutum shi ne ke jan salla a ɗan masallacin ƙofar gida duk ranar da liman ba ya nan, kuma ana jin muryarsa har bayan gari. Ranar nan a zaune ya yi Magariba. Ina gefensa ina jin yadda yake yanka Fatiha gunduwa-gunduwa, kowace aya sai ya tsaya ya nemo numfashi. Daga ɗakinsa zuwa masallaci bai kai taku arba'in ba, amma sai ya huta sau biyu a hanya. Da na yi masa sannu sai ya ɗaga mini hannu, ya ce da harshen mutanenmu na yamma:

"Hunturu na, ɗana. In ruwa ya faɗi shina sauƙi."

Damina uku ke nan tana faɗuwa ba a ga sauƙin ba.

Sana'ar Kawu ita ce gina rijiya, kamar yadda ake faɗa a wajenmu, wato haƙa. Ya fi shekara talatin yana yi, a ƙauyukan Hausawa da Dendawa da Kyangawa da rugagen Fulani, a wannan ɓangare na iyaka da wancan, har cikin ƙasar Segbana. Abin da ya yi suna a kansa shi ne ba ya gudun dutse. Idan wani magini ya yi gaba biyar ko shida ya ci karo da fa, ya tattara kayansa ya tafi, to Kawu ake aika wa. Sai ya sauka da guduma da ƙarfe mai tsini, daga baya kuma da injin fasa dutse na haya, ya wuni a ƙasa. Ga shi kuma ba a haƙa rijiya sai da rani, lokacin da ruwa ya ja baya, saboda haka komai a bushe yake. Ina yaro na sha ganin an jawo shi da igiya da la'asar, fari fat tun daga gira har yatsun ƙafa kamar wanda aka tsoma a buhun fulawa, mu kuwa muna ta dariya, shi ma yana yi.

Sau biyu aka ɗora shi a kan maganin tarin tibi, wata shida-shida. Na farko ya yi amfani, domin akwai cutar. Bayan na biyu aka gwada majina ba a ga komai ba, amma numfashin bai dawo ba. Sai a wannan zuwa nawa, da muka kai shi wani asibiti, wani matashin likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya juyo ya ce, "Baba, wace sana'a ka yi?" Da ya ji amsa sai ya nuna mini ɗigo-ɗigon fari da suka cika saman huhun biyu. Ya ce sunan wannan ciwo silikosis, wato ciwon ƙurar dutse, kuma abin da ya lalace ya riga ya lalace.

Ni kuma, da ɗan bokon da nake taƙama da shi, sai na kama musu. Na ce, likita, ai duk ƙasar nan ƙura muke sha wata huɗu a shekara, me ya sa ba mu kamu duka ba? Ya ce in je in karanta bambancin ƙurar da ta yi tafiya da ƙurar da aka fasa yanzu. Na kuwa je na karanta, kuma abin da na fahimta shi nake so in raba da kai.

Silika dai ba wani baƙon abu ba ne. Ita ce jikin yashi, ita ce farin dutsen nan mai ƙyalli da muke kira ƙanƙara, Turawa kuma su ce kwaz, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na ɓawon ƙasar da muke takawa ita ce. Da ita ake yin gilashi, daga gare ta kuma ake tace sinadarin da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da ta wayar da ke hannunka. Hatta ɓuntun shinkafar da ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injina a fadamun Kebbi, idan aka ƙona shi, wajen kashi 90 cikin 100 na tokarsa silika ce. A ƙarƙashin ƙafafunmu ma haka abin yake: masana duwatsu sun ari sunan garin Illo, wanda ke cikin ƙaramar hukumarmu, sun raɗa wa wani shimfiɗaɗɗen dutsen yashi da tsakuwa da yumɓu da ke kwance a yankin.

Hazon hunturu kuwa labarinsa abin tadabburi ne. Kaso mai yawa na ƙurar da ke sauko mana yana tasowa ne daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Cadi, nisan da ya haura kilomita 1,500 daga Bagudo. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce wurin nan gindin wani makeken tafki ne, kakan Tafkin Cadi na yau. Wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani sun rayu a cikinsa, kowace da ɗan ƙoƙonta na silika, suka mutu suka kwanta a ƙasa, ruwa ya ƙafe ya bar farin gari. Iskar arewa maso gabas takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ruwa a bakin mazurari, ta kwashi wannan gari, kimanin kwana 100 a kowace shekara. A hanya sai ta haɗa da ƙurar yashin Sahara da ta Sahel. Tun a ƙarshen shekarun 1970 wani masani mai suna Grant McTainsh ya riƙa tarar wannan ƙura a kewayen Kano yana aunawa, ya wallafa sakamakonsa a 1980, kuma binciken da aka yi a arewacin Najeriya ya nuna cewa a cikin abin da ke sauka a kan rufinmu da gonakinmu, kwaz ne ya fi yawa.

Ba a nan tafiyarta ke ƙarewa ba. A 2015 masu bincike da suka yi amfani da tauraron ɗan Adam na hukumar NASA ta Amurka sun ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma a shekara, wajen tan miliyan 27 daga ciki yana ƙetare tekun Atilantika ya sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, ɗauke da sinadarin fosfaras wajen tan 22,000, wanda taki ne ga itatuwan can. Tsarki ya tabbata ga Wanda ke ciyar da dajin wata nahiya da ƙasar wata. Na tuna lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, buhun shinkafa ya zama abin ɓoyo a hanyar Tsamiya, amma da hunturu ya zo, ƙura ta ƙetare mu ta shiga Segbana da Kandi babu mai tambayarta takarda.

To, tunda silika ce a can, silika ce a nan, mene ne ya raba hazo da ƙurar gindin rijiya?

Da farko akwai girman ƙwaya. Kaurin silin gashin kai kamar maikuromita 70 ne. Ƙurar da ido ke gani, wadda ke sa mu atishawa, mafi yawanta hanci da maƙogwaro ke tarewa, majina ta fito da ita. Wadda ke isa can ƙarshen huhu, inda iska ke saduwa da jini, ita ce wadda ba ta kai maikuromita 5 ba. A cikin hazo, kwaz ya fi yawa a manyan ƙwayoyi, ƙananan kuma yumɓu ya fi rinjaye a cikinsu. Silikar waɗancan halittun ruwa na Bodele ma wata iri ce marar tsari irin na dutse, kuma cutarwarta ba ta kai ta kwaz ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maganar tsufa. Ƙwayar yashin da ta shekara dubbai iska na mirgina ta, fuskarta ta dushe, yumɓu da tsatsa sun lulluɓe ta. Amma lokacin da guduma ko giranda ko injin niƙa ya fasa dutse, sabuwar fuskar da ta bayyana tana da zafi ga naman jiki, kamar yadda sabon fasasshen kwalba ya fi wanda ya kwana a kogi kaifi. Allah Ya sanya wasu ƙwayoyin halitta a cikin huhu da aikinsu shara ne, duk baƙon da ya shigo su haɗiye shi. Idan suka haɗiyi wannan sabuwar ƙwaya sai su kasa narkar da ita, ta kashe su, ta fito, wasu su sake haɗiyewa. Wurin wannan faɗa sai ya zama tabo, tabo ya haɗu da tabo, huhun da aka halitta mai laushi kamar soso ya taurare. Wannan aiki ba ya tsayawa ko da mutum ya bar sana'ar. Yawanci sai bayan shekara goma ko fiye yake bayyana, amma idan ƙurar ta yi yawa ƙwarai yakan kayar da mutum cikin 'yan shekaru. Huhun da ya shiga wannan hali kuma ya fi na mai lafiya saurin kamuwa da tarin tibi wajen ninki uku, abin da ya sa ake ta yi wa irin su Kawu maganin tibi, asalin ciwon yana ɓoye a bayansa. Tun 1997 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya ƙurar kwaz da ake shaƙa a wurin aiki cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu.

Sai kuma yawa. A 2016 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade cewa kada ƙurar kwaz mai shiga huhu ta wuce maikurogiram 50 a cikin iskar da ta cika wuri mai tsawo da faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya, a aikin awa takwas. Wannan kusan nauyin ƙwayar gishiri guda ɗaya ke nan a cikin akwati mai girman tankin ruwa. Yanzu ka auna wannan da ramin da faɗinsa bai wuce mutum ya miƙe hannuwansa ba, zurfin gaba takwas, babu iska mai shiga ko fita, inji yana cin busasshen dutse.

Kada a fahimce ni da cewa hazo ba ya cutarwa. Yana tayar wa masu asma da tsofaffi masu ciwon zuciya, kuma lokacinsa ne lokacin sanƙarau, cutar da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya a 1996, ta kuma sake taɓa Gwandu da Aliero da Jega a 2025. A wasu ƙauyukan Ladakh na ƙasar Indiya, inda guguwar ƙura ta yi yawa, an samu silikosis a jikin mutanen da ba su taɓa aikin dutse ba. Sai dai wannan ƙura ba mu da ikon hana ta tasowa. Ta gindin rijiya kuwa, da ta wurin fasa tsakuwa, da ta mai yanka tayil da giranda a bushe, hannun mutum ne ke tayar da ita, kuma an daɗe da sanin abin da ke kwantar da ita, wato ruwa.

An san haka tun zamanin da. A farkon shekarun 1930, a Jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka, an huda wani dutse mai yawan kwaz a wurin da ake kira Hawk's Nest, aka bar ma'aikata, galibinsu baƙaƙen fata matalauta, suna huda a bushe don a yi sauri. Wani bincike da aka wallafa a 1986 ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum 764 suka mutu. A Afirka ta Kudu sai a 2018 kamfanonin zinariya suka amince su biya rand biliyan 5 ga ma'aikatan da silikosis da tibi suka kama. Ostiraliya kuma ta haramta wani dutsen ado na ɗakin girki daga 1 ga Yulin 2024, saboda matasan da ke yanka shi suna ta kamuwa. A nan gida, kowa ya tuna da gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dutsen da ake niƙawa a bushe don neman zinariya, a can ko a wajen Yawuri, farin ƙanƙara ne. Dalma tana kisa da sauri, shi ya sa duniya ta gan ta, silikar da ke cikin ƙurar guda kuwa sannu take aikinta. Wani bincike da aka yi tare da ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa a wuraren haƙar ma'adinai na arewacin Najeriya, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa feshin ruwa kawai ya rage dalmar da ke cikin iska da kashi 95 cikin 100, silika kuma da kashi 80.

Da na koma na yi wa Kawu wannan bayani, sai ya yi murmushi ya ce, "Ai ƙura ko azumi ba ta karyawa." Gaskiya ya faɗa, kuma a zaure ya koyo ta. Shehu Khalil, malamin Misira na ƙarni na 14, ya kawo a Mukhtasar ɗinsa cewa babu ramuwa a kan mai azumin da ƙurar hanya ta shige masa, haka ƙurar gari da ta awon hatsi da ta farar ƙasa ga mai wannan sana'a. Na yi ta juya wannan mas'ala a raina. Malaman nan sun lura da talakan da ke neman abincinsa a cikin ƙura, suka ga ba shi da makawa, suka sauƙaƙa masa. Hukuncin azumi suka bayar, ba su ce ƙurar ba ta cin huhu ba. Kuma rangwamen na ma'aikaci ne, ba na wanda ya sa shi aikin ba. Wanda ya sa aikin, ƙa'idar da ke kansa ita ce wadda ɗalibai suka sani, cewa cuta kawar da ita ake yi.

A nan ne laifina yake. Mahaifinmu ya rasu a 2017, Allah Ya jiƙansa. A shekarar da ta biyo baya ni da 'yan'uwana muka haɗa kuɗi mu haƙa masa rijiya sadaka mai gudana, muka ba Kawu aikin, don wa zai fi shi? A gaba ta takwas ya tarar da fa. Ni kuwa ina birni ina ta buga waya, ina cewa lallai a gama kafin azumi, wanda ya kama a tsakiyar watan Mayu, domin in tura wa dangi hoto a WhatsApp. Ni na ce a ɗauko inji. Mako uku ya yi a cikin dutsen nan a tsananin zafin bazara. Har yau ina da takardar lissafin: siminti, rodi, yashi, man inji, abincin leburori, da allon ƙarfe da aka rubuta sunan marigayi. Babu layi ko ɗaya na jarkar ruwan yayyafi, babu na takunkumi. Kuɗin allon kaɗai ya isa ya saya. Ba hana su na yi ba, tunaninsu ne bai taɓa zo mini ba, kuma ban ga yadda wannan zai wanke ni ba. Na san shekara talatin ce ta tara masa ciwon, ba rijiyata kaɗai ba. Amma tawa tana cikin na ƙarshe, kuma ya ce da bakinsa ba ta da na biyu wajen tauri. Ruwanta garai-garai, mata na ɗiba tun Asuba suna yi wa mahaifina addu'a. Ban taɓa jin wanda ya ambaci wanda ya haƙa ta ba.

Babban ɗan Kawu, taubashina, shi ya gaji igiya da guduma. Kafin in koma birni na sayo masa takunkumin N95 kwali guda, da sabon famfon feshi na goyo irin na manoma wanda bai taɓa ganin magani ba. Na gaya masa rawani da ƙyalle ba sa tare ƙwayar da ke kisa, kuma shi kansa takunkumin ba ya kama fuska da kyau a kan cikakken gemu irin nasa, saboda haka ruwan ne babba: a jiƙa dutse kafin a fasa, a riƙa fesawa ana fasawa, a dakata ƙura ta kwanta kafin a kwashe.

Ya dube ni ya yi dariya irin ta abokan wasa. "Kai ɗan boko, yanzu dutse za mu yi wa wanka? Garin da ke da ruwan zubarwa ai ba ya kiran magini." Ya ƙara da cewa laka tana rage sauri, mai aiki kuma kwana yake ƙirgawa, takunkumi kuwa a gindin rami da zafin Afrilu kamar an toshe maka hanci da hannu ne. Ban sami abin musawa ba, domin duk abin da ya faɗa haka yake. Na ce to ya riƙa sa kuɗin jarka huɗu na kowace rana a cikin cinikin tun farko, wanda ya ƙi biya ya kira ni in yi masa bayani, aikin da ke hannunsa yanzu kuma ni zan biya.

Kawu yana jin mu daga kan tabarma. Ya yi gyaran murya, muka yi shiru, muka jira ya tara numfashi.

"Karɓi," ya ce da ɗansa. Ya huta. "Ni ban samu wanda ya ba ni ba."

Mun yi waya da taubashin nawa a makon jiya. Ya ce famfon yana aiki, har wasu magina biyu daga wancan ɓangaren iyaka sun zo sun gani. Mutum ɗaya ya janye aikinsa da ya ji kuɗin ruwa. Takunkumin kuwa, ya ce yana sawa da safe, idan rana ta take sai ya cire. Kawu yana nan, salla a zaune, yanzu a cikin ɗaki. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.